Haƙƙin Ɗan Baƙo A Kan Harsuna Biyu

 

Wani dattijo na garinmu Sukukutane ya yi shekaru yana gadi a ƙofar wata makarantar baƙi a Yamai. Da ƙarfi ya ja baya ya dawo gida. Wata rana bayan La'asar ya matso kusa da ni, ya ce: "Liman, akwai abin da ke cina. Yaran nan da na tsare ƙofarsu, ɗan shekara goma sai ka tarar yana jin harshe uku, wani huɗu. Amma kaɗan ne cikinsu suka iya ce mini ina kwana da harshen ƙasar nan. Iyayensu daidai suka yi, ko kuwa girman kai ne?" Na ce masa: "Baba, wannan ba tambayar tsaye ba ce, ka ba ni lokaci."

Ga wanda bai san irin waɗannan makarantu ba, ana gina su ne domin ƴaƴan jakadu da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kamfanoni, waɗanda aiki ke kawo su wata ƙasa shekara biyu ko uku su tashi. Faransawa sun buɗe tasu a Yamai, La Fontaine, tun 1962, kuma ƴaƴan ƙasa da yawa sun yi karatu a cikinta kafin a rufe ta a 2024, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin Nijar da Faransa. Amurkawa su ma sun kafa tasu. Manufar ita ce, yaro ya bar Yamai ya tafi Dakar ko Faris ya tarar da aji irin wanda ya baro, da harshen da ya saba, ba tare da ya yi asarar shekara ba.

Abin da na fara gani da na zauna na yi nazari shi ne, uban da ya bar ƙasarsa don neman abinci, amma bai yarda harshen ɗansa ya salwanta a hanya ba, bai yi laifi ba. Amana ya riƙe. Yaro bai zaɓi tafiya ba, ɗaukarsa aka yi, don haka wanda ya ɗauke shi wajibi ne ya bar masa igiyar da zai kama ya koma gida. Kuma yawan harsuna a bakin yaro ba abin ƙi ba ne. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa sassaɓawar harsunan mutane cikin ayoyin Ubangiji, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata.

Hasali ma, mu Hausawa mun riga mutane da yawa yin wannan. Fataken Gwanja da suka bi hanyar goro, duk inda suka kafa zango, a Salaga ko Kumasi, sai sun tsayar da masallaci da makaranta, sun nemo malami. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete Karaci a 1934, a irin waɗannan zangogi ya ƙare rayuwarsa yana karantar da ƴaƴan baƙi, yana rubutu da Larabci da Hausa. Makarantar zango ita ce makarantar ƴaƴan ma'aikatan waje tamu, sai dai ita ba ta da katanga. Yaron zango yana wanke allo da safe, da rana yana kasuwa yana ciniki da harshen Asante. Shi ya sa har yau ake jin Hausa a Gana, kuma jikokin fatake ba su zama kurame ba tsakanin masu gari.

To, nan ne tambayar dattijonmu take da nauyi. Makarantar da ta tara harsuna huɗu, amma babu Hausa ko Zabarmanci a cikinsu, ta ba yaro haƙƙi ɗaya ta hana shi ɗaya. Ta sada shi da kakarsa da ke bayan teku, ta raba shi da mai gadi da mai dafa masa abinci da yaron da ke wasa a bayan katangarsu. Maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba, kuma ban san yadda za a sauke haƙƙin wanda ba a iya gaisawa da shi ba. Abin da ya fi muni shi ne darasin da yaro ke ɗauka ba tare da an karantar da shi ba, wato cewa akwai harsunan da ake biyan kuɗi a koya, akwai kuma waɗanda na barori ne. Annabi Isma'ilu (A.S.) ɗan baƙi ne a kwarin Makka, a hannun ƙabilar Jurhum ya koyi Larabci, a cikinsu ya yi aure, wannan kuwa bai raba shi da tafarkin mahaifinsa Ibrahimu ba.

Sai dai, ya ƴan'uwa, da na kawo nan sai na ji kunya, domin yatsan da na nuna Yamai da shi ya juyo kaina. Mu mutanen Arewa ai ma'aikatan waje ne. Wane gida ne daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri ba shi da wani a Legas ko Kwatano ko Abijan ko Libiya? Bara waccan wani ɗalibina ya dawo daga Abijan da ɗansa mai shekara goma sha ɗaya, haifaffen can. Yaron yana zuba Faransancin titi da Julanci kamar ruwa, amma da kakarsa ta rungume shi tana yi masa kirari, sai ya waiwayi ubansa ya fassara masa. Tsohuwar ta yi kuka. Wannan yaro kishiyar yaran Yamai ne: ya sami harshen maƙwabci, ya rasa na gida. Bature ya tsare rabi, mu mun tsare ɗaya rabin, kowa ya zubar da abin da ɗayan ya riƙe. Kuma kada a ce talauci ne kaɗai. Yin magana da ɗanka da harshenka a cikin ɗakinka ba ya cin ko dala.

Ni kaina da madarasa na tashi, irin wadda aka fara a Sayi a 1957. Mun koyi Larabci da safe, Faransanci da yamma, na kuma gode wa Allah da malamaina a kan duka biyun. Amma Hausa a bakin ƙofa muke ajiye ta tare da takalma, har na girma ina iya rubuta wasiƙa da harshe biyu na waje, ina tuntuɓe a nawa. An fara gwajin karantarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, sai dai gwajin bai iso ajinmu ba.

Yanzu al'amari ya juya. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna, amma wanda harshensa ya yi ƙarfi shi ne a kan jarrabawa. A ajin lakwal na garin nan akwai ɗan Bafillace da ɗan Buzu, akwai ɗan malamin asibiti Bazabarme da aiki ya kawo. Su ma ƴaƴan baƙi ne ta fuskar harshe, ko da ƙasarsu ce kamar yadda take tamu. Hausa za su iya ta ko ba mu so ba, kasuwa ta isa ta koya musu. Abin tsoro shi ne mu yi musu dariya idan sun yi nasu, har yaro ya fara jin nauyin amsa wa uwarsa a gaban abokai. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, da Fillanci da Hausa yake wa'azi gwargwadon wanda ke gabansa, ƴarsa Nana Asma'u kuwa ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Da na koma wa dattijon da wannan bayani, ya yi shiru, can ya ce: "Liman, shekarun nan duka ni ma ban taɓa koya wa ko ɗaya daga cikinsu gaisuwa ba. Sannu da zuwa ma da Faransanci nake ce musu." Yaron Abijan kuwa mun sa shi a makarantar dare ta masallacinmu, muka roƙi kakarsa kada ta yarda kowa ya ƙara yi musu tafinta. Da aka yi girbin bana, shi ke kai mata labarin gona da bakinsa, ko da yake har yanzu yana ce wa rumbu "ita".