Shin Ɓarnar Dabba Ta Halatta Kowane Irin Kisa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

A wannan fitowa ina so mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa gonakin gabashin Amurka da Kanada. Akwai wata 'yar dabba a can da take haddasa gardama duk shekara tsakanin manoma da maharba da masu tausayin dabbobi, kuma gardamar tasu tana ɗauke da wata tambaya da ta shafi kowa: idan dabba tana yi wa mutum ɓarna, shin ɓarnar tata ta ba shi damar kashe ta yadda ya ga dama, kuma a duk lokacin da ya ga dama?

Mutanen can suna kiran dabbar wudcak. Dangin kurege ce, sai dai ta fi kuregenmu girma nesa ba kusa ba, don babba takan kai kilo 3 zuwa 5. Tana da gajerun ƙafafu da faratan tono, kuma idan ta tsorata sai ta yi wani irin fito mai ƙarfi ta auka rami. Ramin nata kan wuce mita ɗaya a zurfi, ya yi tsawon mita da yawa, da ƙofa biyu ko fiye, ga ɗakin kwana daban, ga wurin ba-haya daban. Idan sanyi ya kama, wato wajen watan Oktoba ko Nuwamba, sai ta shige ciki ta yi dogon barci har zuwa Fabrairu ko Maris, ba ci ba sha. A cikin wannan barci bugun zuciyarta kan sauka daga kusan 80 a minti ɗaya zuwa wajen 5 kacal. Allah ke nan, Gwanin hikima.

To, idan ta farka ai da yunwa take fitowa, nan ne rigimarta da manomi take somawa. Tana son ciyawar alfalfa da suke nomawa shanu, kamar yadda ake tanadin harawa, tana son waken soya da wake da kabeji da ganyen karas. Takan bi tsiro tun yana ƙarami ta aske shi, har a ga fili fetal a kewayen raminta. Bugu da ƙari, tulin ƙasa da duwatsun da take turowa bakin rami suna lalata wuƙaƙen injin yankan ciyawa, ƙafar tarakta na iya zurmawa, doki ko saniya na iya jin ciwo, kuma idan ta yi tono a gindin gini sai ta raunana tushensa. Saboda haka kada mu yi saurin ɗora wa manomi laifi. Guminsa ne ake cinyewa, da shi kuma yake ciyar da iyalinsa. Ƙiyayyar ma ta daɗe, domin tun a shekarar 1883 majalisar jihar New Hampshire ta kafa kwamiti musamman a kan wannan dabba, har aka sa ladan kwabo 10 na kuɗin Amurka ga duk wanda ya kashe ɗaya. A jihar New York kuwa tana cikin dabbobin da doka ba ta ba su kariya ba, wato ba a ƙayyade lokacin farautarta ko adadin da za a kashe ba.

A nan ne maharba suke shigowa. Daga watan Afrilu har zuwa ƙarshen zafi, mutum zai nemi izinin mai gona, ya zo da bindiga mai madubin hangen nesa, ya kwanta a gefen fili yana jira. Da dabbar ta miƙe tsaye a bakin rami tana dube-dube, sai ya ɗana mata daga nisan mita 200 ko 300. Wasu kan ci naman, musamman na ƙanana. Amma da yawa ba nama ya kawo su ba. Gwajin iya saiti ya kawo su, da shirin farautar barewa idan kaka ta yi, don haka sai su bar gawar a nan, ko su tura ta cikin rami. Manomi ya huta da ɓarna, maharbi ya sami nishaɗi, doka kuma ba ta hana ba. Mai karatu za ta iya cewa, to ina matsalar take?

Matsalar tana cikin rami, inda madubin bindiga ba ya gani. Wannan dabba tana yin barbara ne da zarar ta farka daga barci, cikinta kwana 31 ko 32 ne, ta haihu a watan Afrilu ko Mayu. Galibi 'ya'ya 4 ko 5 take haifa, ido a rufe, babu ko gashi a jikinsu, kuma sai sun yi kusan sati 6 kafin a yaye su. Wajen watan Yuli ne suke watsewa kowa ya nemi raminsa. Ke nan wadda aka hango tana kiwo da sassafe a farkon watan Mayu, mai yiwuwa uwa ce mai shayarwa da ta fito neman abin da zai kawo mata ruwan nono. Harsashi ɗaya zai kashe ta nan take, amma waɗanda ta bari a ciki za su yi kwanaki suna jiran wadda ba za ta dawo ba, har yunwa da sanyi su gama da su. Ba su taɓa cin ko ganye ɗaya na gonar ba. 'Yar'uwa, duk wadda ta taɓa barin jariri a ɗaki ta fita da sauri, hankalinta na can, ba sai an yi mata dogon bayani a nan ba.

Su kansu maharban sun rabu a kan wannan. Da yawa daga cikinsu suna da al'adar haƙura har sai an yi yankan ciyawa na farko, wajen watan Yuni, lokacin da 'ya'yan suka fara fitowa suna ci da kansu. Babu dokar da ta tilasta musu, zuciyarsu ce ta hana su. Wasu kuma cewa suke yi wannan tausayin banza ne, tunda dai burin a rage dabbar ne, kashe uwa a watan Afrilu ya fi riba, an jefi tsuntsu biyar da dutse ɗaya. Kuma ta fuskar lissafi gaskiya suka faɗa. Lokacin da kisan ya fi yi wa gona amfani shi ne kuma lokacin da ya fi muni. Wannan shi ya sa tambayar take da wuya, kuma shi ya sa ta cancanci mu tsaya a kanta.

Idan muka auna ta da ma'aunin addininmu, abu na farko da za mu tarar shi ne ba a hana kawar da mai cutarwa ba. A hadisin Nana A'isha (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi izinin kashe wasu halittu biyar ko da a cikin Harami ne, ciki har da ɓera da kunama, kuma malamai sun yi ƙiyasin sauran masu ɓarna a kansu. Saboda haka manomin da ya kare amfanin gonarsa bai yi laifi ba. Sai dai izinin yana tafe da iyakoki.

Iyaka ta farko ita ce dalili. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda da yawanmu muka karanta a Islamiyya, ya bambanta farautar wasa da farautar buƙata, ya ce ta farko makaruhi ce, ta biyu halal. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya taɓa iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi sai suka watse, ya sanar cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Gaskiya ne wudcak ba a ɗaure take ba, kuma ba za a ce jin daɗin gwaninta shi kansa zunubi ne ba, ai mahauci ma yana alfahari da iya yankansa. Amma akwai wata tambaya da za ta fayyace niyyar maharbi: idan an gama da waɗanda suke cin gona, zai naɗe kayansa ya tafi gida, ko kuwa zai juya bindiga kan waɗanda suke can bakin daji ba su tare wa kowa komai ba? Idan ya tsaya, to gona ya zo karewa. Idan ya ci gaba, ashe gonar hujja ce kawai ya samu.

Iyaka ta biyu ita ce gwargwado. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani Annabi daga cikin Annabawa da tururuwa ta cije shi, sai ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, Allah Ya yi masa gyara a kan halaka al'umma guda saboda cizon ɗaya. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Ibn Mas'ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata da su. Idan har an kula da damuwar uwar tsuntsu a kan 'ya'yanta, yaya za a ce 'ya'yan da za su mutu da yunwa a cikin rami ba sa cikin lissafi?

Iyaka ta uku ita ce hanya. Hadisin Shaddad ɗan Aus (RA) a cikin Muslim ya nuna cewa kyautatawa wajibi ce a kan komai, har a wajen kisa da yanka. A nan ya kamata mu yi wa maharbin adalci. Harbi ɗaya na gwani, wanda ya kashe nan take, ya fi sauƙi a kan dabbar bisa ga tarkon da za ta wuni a ciki cikin rana, ko hayaƙin gubar da ake turawa cikin rami. Wanda abin zargi ya hau kansa shi ne mai harbi daga nisan da ya fi ƙarfin gwanintarsa don a yaba masa, ya raunata dabba ta ja jiki ta shige rami ta mutu a hankali.

To, yaya manomin da ake cinye wa waken soya a watan Mayu zai yi, ya zuba ido har Yuli? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. A ƙaramin lambu akwai mafita, domin shingen waya da aka binne gindinsa a ƙasa, ko siririyar wayar lantarki kusa da ƙasa, suna tare ta, rigakafi kuwa ya fi magani. A babbar gona shinge ba zai yiwu ba, amma mai gona na iya yin maganin abin tun a watan Maris kafin a haihu, ko a ƙarshen zafin bara bayan 'ya'ya sun watse. Idan duk da haka ɓarna ta yi tsanani a tsakiyar lokacin shayarwa, babu wata hanya, to lalura ce, ita kuwa lalura ana ɗaukar ta ne daidai buƙata, wato ramin da ke cikin shuka kawai. Wanda yake da wannan uzuri shi ne mai gonar da ake yi wa asara. Baƙon da ya zo daga birni ranar hutu don nishaɗi ba zai ari uzurin wani ya yafa ba.

Akwai kuma abin da yake sa mutum ya sassauta fushinsa. Kafin Turawa su sare dazuzzukan gabashin Amurka su mayar da su gonaki, wudcak ba ta kai yawan da ta yi daga baya ba, domin fili da bakin daji take so. Mutum ne ya share mata wuri, ya kuma shuka mata abincin da ta fi so. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sa'annan ramin da ta bari ba ya zama banza, zomaye da yanyawa da wasu ƙananan dabbobi suna samun mafaka a ciki. Wani abin mamaki kuma, a ƙarshen shekarun 1970 masana sun gano wata ƙwayar cuta a jikin wudcak da ake kiwo a gidan namun daji na birnin Philadelphia, mai kama da wadda take jawo wa ɗan Adam ciwon hanta nau'in B. Tun daga nan aka riƙa amfani da dabbar wajen nazarin wannan ciwo da sankarar hanta da gwada magunguna, har Jami'ar Cornell ta yi kiwonta saboda wannan aiki. Dabbar da aka taɓa sa wa ladan kwabo 10 ita ce ta taimaka wajen yaƙi da ciwon da ya raba gidaje da yawa da masoyansu. Allah bai halicci komai a banza ba, ko da mu ba mu san amfaninsa ba tukuna.

Ina ruwan uwargida da dabbar da ba za ta taɓa gani ba? Ruwanta shi ne maharbin da ya iya haƙura har 'ya'ya su girma, da wanda bai iya ba, duk a hannun uwa suka tashi. Yaron da yake yawo da danƙo yana harbin ƙadangare da tsuntsaye, ba don ci ba, ba don sun yi masa komai ba, irin wannan tambayar ce a gabansa, sai dai shi bai san tambaya ba ce. Ke ce za ki sanar da shi. Ki bar shi ya ɗana wa ɓeran da yake cin hatsi tarko, amma ki tambaye shi me tsuntsun da ke kan katanga ya yi masa, wa kuma ya bari a sheƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zuciyar da ta saba ganin rai a matsayin abin wasa ba lallai ta tsaya a kan dabbobi ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu da na 'ya'yanmu, Ya tausaya mana ranar da za a tambaye mu a kan abin da muka raina. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.