Yaushe sani yake isa a yanke hukunci?

Ɗaliban Yamai da ke neman shiga manyan makarantun kasuwanci na Faransa sukan gamu da jarrabawar TAGE MAGE, masu nufin Amurka kuma da GMAT, wadda aka fara yi a 1954. A cikin kowacensu akwai wani irin lissafi da lakwal ba ta saba mana da shi ba. Faransawa na ce masa conditions minimales. Ana kawo tambaya ɗaya da bayani biyu, a buƙaci ɗalibi ya faɗi ko bayanan sun isa a samo amsa. Amsar kanta ba a nemanta.

Ga misali. Shekarun yaro nawa ne? Bayani na farko: ya girmi ƙanwarsa da shekara 4. Na biyu: shekarunsu a haɗe 30 ne. Na farko shi kaɗai bai isa ba, domin yaron na iya zama mai 10 ko mai 20. Na biyu ma haka. In an gama su, sai 17 da 13 su fito, babu wata hanya. Zaɓi biyar ake bayarwa: na farko ya isa, na biyu ya isa, sai an haɗa su, kowanne ya isa shi kaɗai, ko kuma duka ba su isa ba.

Kuskure iri biyu ake yi a nan, kuma su ne ake yi a zaman duniya. Akwai mai gaggawa: an ce masa lamba ta ninka kanta ta ba da 9, sai ya ce 3 ce, ya manta da -3. Wannan shi ne mai jin bakin mutum ɗaya ya yanke shari'a. Ko ya dace, bai fita laifi ba, domin Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Akwai kuma mai jinkiri: hujja ta cika a gabansa, amma yana ta neman ƙari don tsoron ɗaukar nauyin magana. Shi ma ya faɗi, gama wanda aka zalunta yana jira, jiran kuwa wani zalunci ne.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. An ruwaito cewa Imamu Malik yakan amsa tambayoyi da dama da cewa bai sani ba, alhali daga nesa ake zuwa Madina neman fatawarsa.

To, mu malamai fa? Muna ba da maki ga amsa, muna hana shi ga yaron da ya ce bayanin bai isa ba. Da haka muke koya masa cewa cika takarda ya fi faɗin gaskiya. Sannan a taron ƙarshen zango mukan kira yaro malalaci saboda maki ɗaya, ba mu tambayi ko ya karya kumallo ba, ko tafiyar kilomita nawa yake yi kafin ya iso aji. Ya kamata a kowane zango mu ba ɗalibai ko da tambaya ɗaya wadda amsarta ta gaskiya ita ce "ba a iya sani da wannan kaɗai", mu kuma ba ta cikakken maki.