Lada Da Tukuici

Abu biyu mutum ya kan samu idan ya yi wa wani hidima, watau lada da tukuici. Da ya ke duka biyun kuɗi ne, kuma aljihu ɗaya su ke shiga, mutane da yawa ba su kula da bambancinsu. Amma fa ba ɗaya su ke ba. Lada hakki ne, an yi cinikinsa tun ba a fara aiki ba, wanda ya hana shi kuwa ya yi zalunci. Tukuici kyauta ce. A ƙasar Hausa, in babban mutum ya aika wa wani da riga ko rago, wanda aka kai wa ya kan ba manzon ɗan wani abu don nuna murna. Ba da wannan ne manzo ke riƙe gidansa ba, domin cinsa da suturarsa suna wuyan ubangidansa.

To, ƙaƙa ke nan idan ubangida ya janye hannunsa, ya ce bara ya dogara ga tukuici? An gwada haka a wata ƙasa, an kuwa ga abin da ya haifa.

A Amurka, bayan an hana bauta cikin 1865, wani attajiri mai suna George Pullman ya ɗebi baƙaƙen mutane, da yawansu 'yantattun bayi, ya sa su hidima cikin taragun kwana na jirgin ƙasa. Su ne masu shimfiɗa, su ne masu ɗaukar kaya da goge takalma. Albashin da ya yanka musu ƙanƙane ne, sauran sai abin da fasinja ya ga dama ya miƙa. Saboda haka dole ma'aikaci ya yi murmushi ko da an wulakanta shi, har fasinjoji su kan kira kowannensu George, sunan mai kamfanin, sai ka ce ba a raɗa masa nasa ba. Cikin 1925 suka kafa ƙungiya a ƙarƙashin A. Philip Randolph, amma sai 1937 kamfanin ya yarda ya ƙara musu albashi, ya rage musu lokacin aiki.

Al'adar ba ta mutu ba. Dokar gwamnatin tarayyar Amurka ta ce kada ladan ma'aikaci ya kasa dala 7 da santi 25 a awa ɗaya, amma ta yarda mai gidan abinci ya biya mai kai wa baƙi abinci dala 2 da santi 13 kawai, in dai tukuicin baƙi ya cike giɓin. Idan bai cike ba, mai gida ne zai cika. Tun 1991 wannan dala 2 da santi 13 ba ta motsa ba. Wasu jihohi, kamar Kalifoniya, sun ƙi wannan tsari, sun ce a biya cikakken lada, tukuici ya zo a kai.

Masu goyon bayan tukuici suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce shi ke sa ma'aikaci himma, kuma a manyan otal-otal akwai waɗanda abin da su ke samu daga baƙi ya fi kowane albashin da za a yanka musu. Gaskiya ne. Amma a duba wanda ke ɗaukar hasara ran da kasuwa ta ƙi. In an yi ruwa baƙi ba su zo ba, ma'aikaci ya yini a tsaye, ya koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali kuwa ba shi ke da ribar gidan ba ran da aka cika. Sa'an nan baƙo ba alƙali ba ne. Wani ya kan ba da don fuskar ma'aikaci ta yi masa, wani ya hana don miya ta yi gishiri, laifin da ba na mai kawowa ba ne. Wanda abincin 'ya'yansa ke rataye ga fara'ar baƙo, da wuya ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan bai dace ba."

Akwai kuma abin da a ke kira kuɗin hidima, wanda a kan rubuta a ƙarshen takardar biya. Baƙo ya biya yana tsammani na ma'aikata ne, amma sau da yawa a akwatin mai gida ya ke kwana. Wannan cin amana biyu ne, an cuci mai bayarwa, an cuci wanda aka bayar dominsa. Don haka Birtaniya ta yi doka, ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2024, cewa tukuici da kuɗin hidima duka a raba wa ma'aikata bisa adalci. A Japan kuwa ba a saba da tukuici ba sam, hidimarsu ba ta lalace ba.

Saura tambaya ɗaya. Shin baƙon da ya gane haka ya daina bayarwa? A'a. Inda aka gina ladan mutane a kan tukuici, wanda ya hana bai taɓa mai gida ba, talakan da ya yi masa hidima ya cuta. Sai ya bayar, ya kuma tambaya ko kuɗin na isa hannun mai shi. Gyara na gaskiya yana wuyan mai gida da masu yin doka: a sa kuɗin aikin cikin kuɗin abinci a fili, a biya ma'aikaci abin da zai riƙe shi ko baƙo ya yi kyauta ko bai yi ba.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ba su ce da shi a ke biyan gumi ba. Sai an biya lada cif sa'an nan tukuici ke komawa matsayinsa na godiya, mai bayarwa ya bayar da farin ciki, mai karɓa ya karɓa ba da sunkuyar da kai ba.