Ɗan tsakon da ya kasa fasa ƙwai: a taimaka ko a ƙyale?

Gidaje da dama a nan Suleja, har zuwa Madalla, yanzu akwai ƙaramin injin ƙyanƙyasa a ɗaki. Matanmu na kiwo da shi, ana samun na cefane. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce: ɗan tsako ya huda ƙwai, yana kuka, ya kasa fitowa. A ɓare masa ne, ko a sa ido?

Zuciya cewa take a ɓare. To amma mu san abin da ke cikin ƙwan tukuna. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. A kwanakin ƙarshe ɗan tsako yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, ita ce guzurinsa na kwanakin farko a duniya. Jijiyoyin jini da ke jikin tantanin ƙwan su ma sai sun gama tsotsewa. Daga huda zuwa fita yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, yawancin lokacin ma hutawa yake. Wanda ya sa farce da wuri zai iya tsinka jijiya, ko ya fito da shi cibiya a buɗe, ya mutu a tafin hannunsa. Niyyarsa mai kyau ce, amma tsakon ya tafi.

Shi ya sa wasu ke cewa a bar shi kawai, mai rabon fita zai fita. Mu dai wannan magana ba ta gamsar da mu ba. Kaza ba ta kai mana ƙwanta ba, mu muka ɗauko muka sa a akwati. In an ɗauke wuta rabin dare ba mu tada janareta ba, ko yara sun yi ta buɗe murfi suna leƙe, musamman da hunturu, danshi ya gudu, tantani ya bushe ya manne masa kamar leda, wa ya ɗaure shi? Ba raunin halittarsa ba ne, sakacinmu ne, kuma haƙƙin dabbar da ka tsare yana wuyanka. Don haka in ya wuce yini da kwana bai ƙara komai ba, a ɓanɓare ɓawo kaɗan daga gefen mai faɗi, a jiƙa tantanin da ruwan ɗumi, kada ya shiga hancinsa. In an ga jini a tsaya, a mayar da shi cikin inji.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan shi ne yaran shago. Mu muke ɗauko su daga Katsina, Kano ko Sakkwato, mu raba su da iyayensu, mu ajiye su a kasuwar IBB. Akwai maigidan da ke rufe wa yaro kowace asara, ba ya bari ya je sari shi kaɗai ko sau ɗaya. Ranar sallama jarin ba ya kai wata shida. Akwai kuma wanda yaro ya shekara bakwai a hannunsa, bai taɓa nuna masa littafin lissafi ba, bai haɗa shi da dila ko ɗaya ba, sannan in an yi maganar sallama ya ce ai kowa da wahala ya tashi. A ganinmu na biyun ya fi yawa a cikinmu, kuma shi ne ba a cika faɗa wa gaskiya ba, don yawanci shi ke sahun gaba.