Alhakin Jaki a Wuyan Wa Yake?

Yau kan jaki za mu tattauna, kuma kada a yi dariya.

A ƙasar Girka akwai wani tsibiri da ake kira Santorini. Jirgin ruwa yakan sauke 'yan yawon buɗe ido a gindin dutse, garin kuwa yana can bisa, sai an hau matakala kusan 600. Jakuna da alfadarai ke jigilar mutane, hawa da sauka cikin rana tsaka, wasu da gyambo a baya saboda gugar sirdi. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2018 gwamnati ta hana a ɗora wa dabba nauyin da ya wuce kilo 100, wato buhun shinkafa biyu. Abin lura, akwai keken da ke bin waya yana kai mutum sama cikin 'yan mintuna. Ke nan yawancin masu hawan jakin nishaɗi da hoto suke nema.

To, alhakin a wuyan wa yake? Mai jaki zai ce da wannan yake ciyar da iyali, kuma gaskiyarsa. Hawan dabba halal ne, kakanninmu fatake ma a bayan jaki suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano. Amma halaccin hawa bai halatta zalunci ba. Ya zo a hadisi cewa wani raƙumi ya kai kukan yunwa da yawan aiki wajen Annabi (SAW), aka kuwa ja wa mai shi kunne.

Mu 'yan kasuwa mun san abin da mai saye ya ƙi, ba a kawo shi kasuwa gobe. Don haka mai biya ma yana da nasa kason. Mu tuna yadda muke yi ranar Sallah a bakin teku nan Legas. Mukan matsa wa mai doki sai ya yi ragi, sannan mu ɗora yara uku lokaci guda. Ragin nan daga ina zai fito? Daga dusar dokin mana!

Kafin yaro ya hau, mu dubi bayan dabbar da haƙarƙarinta, mu tambaya ko ta sha ruwa. In tana da lafiya, mu biya kuɗi cikakke. In ta jigata, mu haƙura, mu kuma gaya wa yaron dalili.

Allah ya kiyashe mu ɗaukar alhakin wanda ba ya iya magana.