Hanyar Koyarwa Ta Manzon Allah



Sau da yawa a kan ga malami ya shiga aji ya yi ta zuba tun safe har hantsi, yara kuwa wasu na gyangyaɗi, wasu hankalinsu na waje. In an tambaye su gobe ba su riƙe kome ba, sai ya ce ai 'ya'yan zamani ne ba su da kai. Alhali kuwa yaran nan amana ce a wuyansa, kuma za a tambaye shi.

Imamu Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ba ya yi wa jama'a wa'azi sai ran Alhamis. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, ya kuma kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan zaɓi lokaci ne ya yi musu. To, idan sahabbai a ke tsoron gajiyarwa, ina ga yaro ɗan shekara 8?

Annabi ya kan maimaita magana sau uku don a fahimta, ya kan zana layi a ƙasa ya buga misali da shi. Ya kan kuma jefa tambaya ya dakata. Wata rana ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunyar manya ta hana shi magana. Sai da suka gaza kana Annabi ya faɗa musu. Amsar da aka sha wuyar nema ba ta saurin gushewa. Kuma kowane aji akwai irin ɗan Umar, wanda ya sani ya yi shiru. Aikin malami ne ya kira sunansa, kada masu baki su cinye darasin.

Sai maganar bulala, wadda a nan ne aka fi yin ɓarna. Mu'awiya ɗan Hakam ya yi magana a cikin salla saboda rashin sani. Imamu Muslim ya kawo shaidarsa cewa Annabi bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, ya dai bayyana masa hukuncin. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani cikin Muƙaddimarsa cewa tsanani ya kan koya wa yaro kasala da ƙarya da yaudara, domin zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don ya tsira da fatarsa. Shi ne kuma ya ce a bi littafi zagaye uku: da fari a taƙaice, sa'an nan da sharhi da saɓanin malamai, na uku a warware duk abin da ya shige duhu. Malamin da ya ɗora wa mafari saɓanin malamai kan ruwan alwala tun bai iya farillanta ba, ya fara ne daga zagaye na biyu.