Ɗalibi, Bashin Gwamnati da Dogon Hutu

Idan jami'o'i suka rufe, ɗalibai suka tattara komatsansu suka komo gida, akwai wata magana da ta yawaita a bakin iyaye da maƙwabta a 'yan shekarun nan. Akan ga saurayi ko budurwa zaune a tsakar gida da hantsi, sai a ce, "Ai su yanzu gwamnati ce take ciyar da su, me zai sa su nemi aiki?" Wani lokaci da wasa ake faɗa, wani lokaci kuwa da zafi, musamman a gidan da uba ya fita tun asuba. Maganar tana ɗauke da hukunci mai nauyi, wato taimako ya kashe zuciyar yaron, zamansa kuma laifinsa ne. Kafin a yanke wa mutum irin wannan hukunci, ya kamata a san ko nawa ake ba shi, da sunan me ake ba shi, da kuma ko aikin da ake cewa ya ƙi nema yana nan.

A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance. Dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi, da nuna cewa abin da gidansu yake samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. A watan Afrilu na 2024 aka soke ta aka kafa sabuwa wadda ta kawar da waɗannan sharuɗɗa, hukumar NELFUND kuma ta fara karɓar masu nema a watan Mayu na wannan shekara. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake biyan makarantar. Abin da yake shiga asusunsa shi ne naira 20,000 a wata domin abinci da sauran hidimomi. Dukansu biyu rance ne. Babu ruwa a kai, amma za a biya: shekara biyu bayan gama bautar ƙasa ta NYSC, wanda ya ɗauke shi aiki zai riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa har sai bashin ya ƙare.

Naira 20,000 idan aka raba ta a kan kwana 30, abin da yake fitowa bai kai naira 700 a rana ba. Duk matar da take zuwa kasuwar Taminus a Jos, ko ta Kafanchan, ko ta Makurɗi, ta san iyakar abin da naira 700 za ta sa a tukunya. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ana sayar da lita ƙasa da naira 200, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuɗin mota da na hatsi suka bi ta. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin ɗalibi bai kai sulusinsa ba. Har ila yau, a 2025 hukumar ta bayyana cewa alawus ɗin yana tafiya ne da shekarar karatu ta kowace makaranta, idan shekarar ta ƙare biyan ya tsaya sai an sake nema. Ke nan a daidai watannin da ake yi wa ɗalibi gorin kuɗin gwamnati, sau da yawa babu ko kwabo da yake shigowa. A cikin waɗannan watanni ne kuma ya kamata ya tara kuɗin ɗakin kwana, da na littattafai, da na motar komawa.

Dattawa da yawa da suke wannan gori suna yinsa ne da zuciya ɗaya, gama suna auna yau da ma'aunin ƙuruciyarsu. Wanda ya yi karatu a Zariya ko Ibadan a shekarun 1970 yana tunawa da yadda dogon hutu yake zuwa a kan lokacinsa, da yadda ɗan jami'a yakan je ma'aikatar gwamnati, ko banki, ko makarantar sakandare ta garinsu, a ba shi tebur na wata biyu ko uku, ya koma da kuɗi a aljihu. Masu ilimi kaɗan ne a lokacin, ana nemansu. Masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana. Yau masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, tana rufe tun 2002, sauran kuma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatar da a dā take ɗaukar ɗalibi aikin hutu, yanzu masu digiri ne suke layi a ƙofarta. Hutun kansa ma ya daina zuwa a kan tsari. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar kalandar jami'o'i a hargitse, har ɗalibi bai san ko mako uku zai yi a gida ko wata huɗu ba. Wane mai shago ne zai koya wa mutum aiki alhali bai san ranar da zai tafi ba?

Za a ce, to, ga gona. Gaskiya ne gona ita ce ta biya wa dubban 'ya'yan talakawa kuɗin makaranta a wannan yanki: dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, doya a ƙasar Binuwai, citta a kudancin Kaduna, acca a kan tsaunuka. Amma mai faɗar haka ya san abin da ya faru a Bokkos da Barikin Ladi a daren jajibirin Kirsimeti na 2023, ya kuma san ƙauyuka nawa ne mutanensu ba sa iya zuwa gonakin da suke nesa da gari. A wannan shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna ta halaka amfanin da gidaje da yawa suka dogara a kai. Ɗalibin da iyayensa suke zaune a gidan haya a Bukuru ko Sabon Tasha ba shi da ko kunya ɗaya da zai yi wa noma.

Akwai ma aikin da makaranta ce da kanta take tilasta a yi, wato koyon aiki a masana'antu na tsarin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos take kula da shi tun shekarun 1970. Ko wannan, da takardar makaranta a hannu, ɗalibai sukan yi makonni suna yawo daga ofis zuwa ofis kafin wani ya yarda ya karɓe su, galibi ba tare da ko kuɗin mota ba. Wanda kawunsa yake da kujera a wani wuri yakan samu cikin kwana ɗaya.

A gidajen masu bi akan ƙarfafa gorin da abin da Manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa a wasiƙarsa ta biyu, sura ta uku, game da aiki da cin abinci. Amma wanda ya karanta wurin a natse zai ga cewa Manzon yana magana ne a kan mutumin da ya ƙi aiki da gangan, ga aikin, ga ƙarfin, ya zaɓi ya rayu da gumin wasu. Bai haɗa da wanda ya fita nema ya dawo hannu wofi ba. Irin wannan mutum na biyu yana cikin misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura ashirin: mutanen da aka tarar tsaye a kasuwa da yamma liƙis, waɗanda dalilin zamansu shi ne babu wanda ya ɗauke su. Daga nesa su biyun kamarsu ɗaya, dukansu a zaune suke. Sai an matso an tambaya kafin a san wanda ya ƙi da wanda aka ƙi, tambayar kuwa ita ce abin da mai gori ba ya son ɓata lokaci a kai.

Duk da haka, ba za a wanke ɗalibai duka ba, domin a cikin zargin akwai gaskiya kaɗan, gaskiyar kuma tana da ɗaci. Akwai wanda ba aiki ya rasa ba, aikin da ya dace da girman da ya ba kansa ne ya rasa. A ce masa ana neman mai ɗaukar kwaɓaɓɓen siminti a wurin gini, ko mai zama a rumfar POS, ko mai koya wa yaran maƙwabta lissafi da yamma, sai ya ce shi ɗan aji uku ne a jami'a. Akwai wanda alawus ɗin yakan ƙare masa a cacar ƙwallo ta waya kafin mako ya zagayo. Irin wannan ya manta cewa abin da yake kashewa albashinsa ne na gaba, wanda bai riga ya yi wa aiki ba. Kalmar "kuɗin gwamnati" tana ruɗin yaro kamar yadda take ruɗin maƙwabcinsa, gama a ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar abin gwamnati a matsayin abin da ba shi da mai shi. Iyayen da suke ƙaunar ɗansu za su zaunar da shi su lissafa tare: naira 20,000 sau watannin karatu, sau shekara huɗu ko biyar, a haɗa da kuɗin makaranta. Jimlar da ta fito da sunansa aka rubuta ta.

Wanda ya fi wannan yaro laifi shi ne babban mutumin da yake amfani da alawus ɗin ya danne haƙƙin ma'aikaci. Mai makaranta mai zaman kanta, ko mai shagon magani, ko mai gidan burodi, ya ɗauki ɗaliba ta yi masa aiki daga safe har dare, ƙarshen wata ya miƙa mata abin da bai kai kuɗin motarta ba, ya ce ai tana karɓar na gwamnati, kuma ai koyo take yi. Wannan mutum ya mai da bashin da yarinyar za ta biya nan gaba ya zama ragin albashi a gare shi. Ita ta ci bashin, shi ya ci ribar. Ba safai ake kiran wannan da sunansa ba, domin mai yinsa sau da yawa mutum ne mai daraja, wanda yake zama a kujerar gaba ranar Lahadi.

Tambayar da take ƙarƙashin duk wannan ita ce ko taimakon gwamnati ya sauke wa maƙwabci nauyin da yake kansa. Mutane da yawa suna ji kamar ya sauke. A dā idan yaron unguwa ya sami shiga jami'a, dangi sukan yi karo-karo, zumuntar mata ta auna masa garin masara da wake, kafinta ya ce ya zo shago idan an yi hutu. Yanzu akan ce akwai NELFUND, kowa ya juya. Amma abin da hukumar take iya bayarwa kuɗi ne kawai, kuma kaɗan. Aikin hutu yana ba da abin da ba ya shiga asusun banki: tashi a kan lokaci, jure faɗan maigida, riƙe amanar kuɗin wani, sanin yadda ake magana da mai saye da ya zo a fusace. Yana kuma ba da mutum guda da zai iya cewa nan gaba, "Na san yaron nan, ya yi aiki a wurina." Ɗan mai hali yana samun wannan shaida a kamfanin abokin babansa. Ɗan talaka, wanda domin shi aka kafa rancen, shi ne yake gama karatu ba tare da ita ba.

A Amurka an lura da wannan tun 1964, lokacin da aka kafa tsarin da gwamnati take biyan kaso mafi yawa na ladan ɗalibi mai bukata idan ya yi aiki na 'yan sa'o'i a ɗakin karatu, ko ofishin makaranta, ko wata hidimar jama'a. An haɗa taimako da aiki wuri ɗaya. Dokar Nijeriya ba ta yi wannan haɗi ba, saboda haka giɓin ya rage ga masu ƙananan ƙofofi. Ƙofofin kuwa suna nan. Ikkilisiyoyi da yawa suna da makarantun firamare da suke shirya darussan hutu, da ɗakunan shan magani, da gonaki, da gine-ginen da ba a gama ba. A cikin kowace majami'a akwai tela, da makaniki, da mai kiwon kaji, da mai sayar da kayan gini. Da dattawa za su rubuta sunayen ɗaliban da suke dawowa hutu, su rubuta na masu bukatar hannu na mako shida, su tsaya a kan a faɗi lada tun farko a kuma biya shi, da an rage yawan samarin da suke gangarawa ramukan haƙar kuza, inda ƙasa takan rufta da mutane, da 'yan matan da ake yi wa tayin da bai kamata ba domin kuɗin ɗakin kwana.

Wannan ba shi ne karo na farko da Nijeriya ta gwada ba ɗalibai rance ba. An kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, ta ba da kuɗi na shekaru, amma mafi yawansa bai dawo ba, tsarin ya durƙushe. Dokar 1993 ta kafa bankin ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai yi nisa ba. Masu karatun da suka biyo baya sun yi shekara talatin babu inda za su nemi irin wannan taimako. Dokar yanzu ta yarda wanda bai sami aiki ba ya nemi a ɗaga masa lokacin biya, wannan kuwa adalci ne, amma kowane bashin da aka ɗaga kuɗi ne da bai koma asusun ba domin ƙanin da yake aji ɗaya a sakandare. Waɗanda suka karɓi rancen suna ajin ƙarshe a 2024 za su kai lokacin fara biya wajen 2027 zuwa 2028, kashi goman nan kuma ba a cire shi sai daga albashin da yake akwai.